Sunan Ɗan Fari

Hindatu ta sauke shi daga kan jaki a bakin barikin Dutse, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Saurayin da ya yi sharo bara bai ko ƙifta ido ba, yau ga leɓɓansa sun yi shuɗi, ƙirjinsa yana ƙugi kamar ana kaɗa nono. Mashassharar da ta shigo bayan kaka, wadda ake kira marisuwa, ta riga ta ɗauke mijinta da ƙannen yaron a rugarsu ta wajen Kiyawa. Shi kaɗai ya rage mata.

Wani likita Bature ne ya zo rangadi, gobe kuma zai koma Kano. Marasa lafiya na kwance a kan tabarmi ƙarƙashin tsamiya. Mai taimaka masa, Falalu, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso, ya danna farcen saurayin, ya girgiza kai.

"Ciwon ya raunana hanyoyin jininsa, Inna. Ruwan jiki yana yoyo cikin huhu, jinin kuma yana kafewa. Akwai ruwan gishiri dafaffe da muke sawa ta jijiya, kwalba ɗaya ta rage. Amma Likita ba ya sa wa kowa sai nasa na kusa ya yarda, kada gobe a ce Bature ya kashe ɗan mutane. Ɗanki ne?"

Hindatu ta dubi ƙasa. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa ambatar sunansa ba, ba ta taɓa cewa nata ne a gaban mutane ba. Haka uwarta ta yi mata, haka aka yi wa uwarta. Ga kuma dattawan Fulani zaune a gefe suna ji.

"Yaron rugarmu ne," in ji ta.

"To, sai a nemo uwarsa," in ji Falalu, ya miƙe ya nufi tabarma ta gaba.

Ta bi shi da ido. Ta ga ya tsuguna gaban wani tsoho, ta ga Likita ya fito riƙe da kwalbar da siririyar roba. A bayanta saurayin ya yi tari, kumfa mai ja-ja ta fito masa ta hanci. Ba ta san lokacin da ta kama gefen rigar Falalu ba.

"Malam, uwarsa ba ta da nisa."

"Inna, ba ni da lokacin zagaye-zagaye. Tana ina?"

"Ni ce." Ta dube shi ido cikin ido. "Ni na haife shi."

Wani dattijo ya yi gyaran murya. Ba ta waiwaya ba.

Likita ya zo ya ɗaure damtsen saurayin, ya lalubi jijiyar da ta lafe, da ƙyar allura ta shiga. Falalu ya miƙa mata kwalbar.

"Riƙe daidai kafaɗarki. Kada ki ɗaga sama don ya yi sauri, ruwan zai cika masa huhu ya shaƙe shi. A hankali ake so."

Ta riƙe. Rana ta karkata, hannunta ya yi tsami har ya daina jin komai. Ta so ta ɗaga, ruwan ya shige gaba ɗaya a huta, amma ta cije. Likita ya taɓa wuyan hannun saurayin, ya yi magana da harshensa.

"Ya ce jijiya ta fara amsawa," in ji Falalu. "Saura mu ga ko hankalinsa na nan. Kira shi."

"Kai," in ji Hindatu. "Kai, yaron nan."

Saurayin bai motsa ba.

"Da sunansa, Inna."

Sunan ya yi mata nauyi a baki kamar na baƙo.

"Bubayero."

Fatar idonsa ta motsa. Ya buɗe ido a hankali yana neman mai wannan murya, har ya tsaya a kan fuskarta.

"Dada," ya ce da ƙyar, "mutane fa suna ji."

"Su ji," in ji Hindatu, ta gyara riƙon kwalbar daidai kafaɗarta.