Bidiyon da Auta Ya Ɗauka

…kuma wai in kafa wa baƙin ɗigon nan na jikin bango ido, in yi ta juya kai. Hagu, dama. Hagu, dama. To ga shi ina kallo, likita, bangon naku ne ba ya tsayawa. Wanda ya yi muku fentin ɗakin nan ma bai iya ba, ga sawun rola nan ɓaro-ɓaro, shafa ɗaya ya yi ya gudu. Da ni aka ba…

Da ni. Hm.

Likitar gashin ƙashi. Ranar farko na ce mata ni fa ban karya ƙashi ba, jiri ne, duniya ke juya mini kamar fanka. Ta ce can cikin kunne abin yake, inda ke gaya wa mutum sama da ƙasa. Nawa ya daina faɗar gaskiya. Sai an koya wa jiki dogara da ido da tafin ƙafa, kuma ba ya koyo sai an tsokano jirin da gangan: a hau wani soso mai kauri kamar katifa, a haɗe ƙafafu, a rufe ido, a yi ta tangaɗi. Tangaɗin shi ne maganin. A gabanka ta faɗa, Auta. Da kunnenka ka ji.

Ita ce ma ta ce ka ɗauke ni a waya, don in riƙa gani a gida kada in manta yadda ake yi. Har gyara wuyan rigata na yi kafin ka ɗauka. Ni sakarai, har da murmushi!

Hagu, dama… amai na taso mini. Haɗiye.

Wancan makon na ji dama-dama, na sa kayan aiki na tafi wajen ginin makarantar nan. Bene hawa uku, fentin waje. Wa ya samo mana aikin? Wa ya yi ta sintiri har aka ba mu? Ɗan kwangila ko gaisuwa bai bari na ƙare ba. “Mai fenti, na ga bidiyon. Allah ya ba ka lafiya, amma ba zan ɗauki alhakin rai ba. Ƙaninka zai ci gaba.” Ya juyo mini da wayarsa — ga ni. A kan soso, baki buɗe, ina cafkar iska kamar wanda ya sha ya bugu. Inda likita ke bayani, babu. Inda na bi dogon barandar nan tiryan-tiryan ina juya kai ban dafa komai ba, babu. Faɗuwar kaɗai ka yanko ka tura masa, Auta. Leburori suka sunkuyar da kai… ashe su ma sun gani.

Ni ina ta ɓoye wa 'yan waje, kada wani mai fenti ya ji ya yi mini shigar sauri. Ana zaton wuta a maƙera!

Wa ya koya maka riƙon burushi? Ranar da ka fara hawa dogon tsani, ka ƙanƙame ƙarfe kana kiran Inna, ƙato da kai. Ni ne a ƙasa. Na ce kalli bango, kada ka kalli ƙasa, Yayanka na riƙe. Na taɓa saki? Ko da wasa, na taɓa?

“Sannu, huta kaɗan. Yanzu sai soso.”

To, likita. Ke ma kullum in na ce yaushe zan hau tsani, sai ki ce sannu a hankali. Sannu ba ta hana zuwa, na sani, amma bango ba ya jiran mai fenti.

Na koma gida ran nan ko takalmi ban cire ba. Na ce wa uwar yara an cire ni, saboda wani bidiyo. Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce gara ka rasa aiki da mu rasa ka. Shi ke nan. Da sauri haka, kamar ta daɗe da tanadin maganar a baki…

Tsaya.

Ba ta ce wane bidiyo ba. Ba ta tambaya ba! Matar da in na ce na haɗu da wani a hanya sai ta ji kalar hularsa? Ashe da ɗan gari akan ci gari. Ku biyu ne. Wa ya fara kawo maganar, ita ko kai? A falona kuka zauna, ina ɗaki a kwance rufi na juya mini? Kuka yanke mini hukunci kamar ƙaramin yaro, babu wanda ya iya kallon idona ya ce Yaya, muna jin tsoro. Da na yi faɗa, na sani. Da na zage ku tas. Amma da a gabana ne!

Kuma yau da safe ka zo kamar kullum. “Yaya, ka shirya?” Ka buɗe mini ƙofar mota, fentin makarantar a ƙarƙashin faratanka. Ban tambaya ba, ba ka faɗa ba. Wallahi na tsane ka, Auta. Yau dai na tsane ka.

Ga ɗamarar nan likita ta ɗaura mini a ƙugu, ta miƙa maka ka riƙe ta baya. Wa kuma zai riƙe? Babu wanda ke zuwa sai kai.

“Haɗe ƙafafu. Rufe ido.”

Na rufe. Ba zan jingina da kai ba. Gara in kife a kan fuskata, haƙora su zube, da in… soson na nutsewa. Tafin ƙafa, faɗi gaskiya, ina ƙasa? Hagu — a'a, baya — ɗakin ya tafi, innalillahi, babu bango, babu komai, iska ce kawai, da a hawa na uku ne…

Hannu. Tafin hannunka a tsakiyar bayana, da ɗumi.

Ban so ba. Allah ya gani ban so ba. Amma bayana ya riga ya kwanta a kai, da duk nauyina, kuma na kasa ɗagowa.