Ƙusar Gernot

Gernot Pasulke mutum ne da ƙafarsa ba ta san zama ba. Tun yana ɗan wasan tsakiya haka yake, ko'ina ƙwallo ta faɗi a fili sai ka same shi can yana huci. Har rukuni na biyu ya taka leda kafin gwiwarsa ta hagu ta ce masa ya isa haka. Da ya dawo unguwarsu ta mahaƙan kwal a garin Herne, ƙungiyar da ta raine shi ta ba shi aikin koci, shi kuma ya yi abin da kowa ke yi in ya bar wasa: ya rataye takalmansa.

A zauren ƙungiyar akwai wani gungumen katako da aka fito da shi daga ramin kwal ranar da aka rufe ramin. A jikinsa ake kafa wa kowane tsohon ɗan wasa ƙusar da zai rataye takalmansa. Doka ɗaya ce, kuma ba a rubuce take ba: wanda ya sauke takalmansa za a zare ƙusarsa, ba a sake kafa masa wata. Ta Gernot tana gefen ta marigayi babansa, har igiyoyin takalman suna taɓa juna.

To, takalma dai sun hau ƙusa, amma mai su bai sauka daga fili ba. Da baki ya koma bugawa. Yana kai-komo a bakin layi kamar kaza mai neman wurin saka, yana gaya wa kowa inda zai tura ƙwallo. Wanda ya fi shan wahala shi ne Oktay, da ya gaji gurbinsa a tsakiya. Kafin Oktay ya taɓa ƙwallo sai ya waiga ya ji abin da koci zai ce, kafin ya juyo an ƙwace.

Haka aka zo wasan ƙarshe na kakar wasanni. In an ci su, sun faɗa rukunin 'yan dagaji, amma ko canjaras ya ishe su tsira. Aka tafi hutun rabin lokaci an zura musu ɗaya.

Gernot bai bi yaransa ɗakin sauya kaya ba. Zaure ya nufa. Gwaggo Irmi, wadda ta tsufa tana gasa sosej, tsiren Turawa, a ƙungiyar, takalman mijinta ma suna jikin katakon, tana yanka burodi lokacin da ya jawo kujera ya taka.

"Ƙura ka zo gogewa, ɗan nan?"

"Sunana yana cikin 'yan benci, Gwaggo. Tun farkon kaka na sa shi don cike gurbi."

"Sunanka yana benci, gwiwarka tana asibiti. Wanne za ka shigar?"

"Oktay ba ya ganin fili. Ni daga waje nake hango hanya, shi yana ciki ba ya gani."

"Ina zai gani, idonsa yana bakinka?" Ta goge wuƙa a jikin zanen aikinta. "Ka san dai abin da ke biyo baya. Ba zan ce ban gan ka ba."

Ya tsaya a kan kujerar, hannunsa a igiya. Ya dubi takalman babansa, baƙaƙe, sun bushe sun lanƙwashe kamar busasshen kifi. A waje alƙalin wasa ya busa usur na kira. Gernot ya sauke takalmansa.

Bai kai ƙofa ba ya ji ta jawo aljihun tebur tana lalubar filaya. Bai waiga ba.

Ba Oktay ya fitar ba, wani ne da ke ɗingishi. Da ya shigo filin jan tsakuwa tsofaffin da ke jingine da ƙarfe riƙe da kofunan giya suka kwashe da dariya.

"Pasulke, ka manta sandarka a gida."

"A kawo masa kujera tsakiyar fili."

Ƙwallon farko da ta zo masa ya tare ta lafiya, har ransa ya yi fari. Ta biyu wani ɗan saurayi ya wuce shi kamar ya wuce turken fitila. Ya bi, ya bi, ƙirjinsa ya kama wuta. Ya buɗe baki zai ce wa Oktay ya tura dama, sai iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa, tari ya sarƙe shi. Ya dafa gwiwoyi yana haki.

Oktay ya karɓi ƙwallo, ya waiga bakin layi kamar yadda ya saba. Babu kowa sai jakar magani. Ya ɗan yi turus, sannan ya ɗaga kai ya dubi gabansa.

Daga nan wasa ya sauya. Oktay ya shiga raba ƙwallo, nan gajere, can dogo. Sau biyu Gernot ya hango hanya ta dama, yaron ya bi hagu, kuma hagun ta fi. Ana dab da tashi Oktay ya ɗaga wata ta bayan 'yan baya, mai lamba tara ya sa mata kai, raga ta girgiza. Gernot yana can baya, tun ɗazu bai taɓa ƙwallo ba, kuma bai samu numfashin murna ba.

Ɗaya da ɗaya aka tashi. Sun tsira.

Zaure ya cika da waƙa da hayaƙin gashin nama. Oktay ya ratso jama'a ya miƙa masa kofi.

"Koci, wallahi shigowarka ce ta cece mu. Ban taɓa jin fili shiru haka ba."

"Rufe min baki," in ji Gernot, da muryar da ta rage masa.

Ya ɗingisa zuwa gindin katakon, takalma a hannu. Gefen ƙusar babansa wani ɗan rami ne, sabo, farin itace yana leƙowa. Ya sa yatsa ya shafa.

"Gwaggo, ko da rance babu?"

"Babu." Ta ɗora sosej a burodi, ta lafta masa yaji, ta tura gabansa. "Zauna ka ci."

Ya zauna, takalman a cinya, ya rasa inda zai ajiye su. Tana kallonsa ta ƙasan ido, hannunta cikin aljihu yana juya ƙusar. Bai cinye rabi ba ya miƙe, ya leƙa taga yana duban fili, yana lissafin wa zai sa a gefen Oktay kaka mai zuwa.