Mijin Konseye

Maikano, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko a garinsu, yana goge takalminsa a tsakar gida ya ji tsayuwar mota a ƙofa. Sallama ta biyo baya, da muryar Alhaji Sambo, shugaban partinsu na Magaria. Ya ajiye takalmin a hankali, ya shiga ɗaki ya zura babbar rigarsa ta Juma'a, ko da yake ranar Asabar ce.

Ya san abin da ya kawo su. Kaka ta yi, zaɓen konseye, wato wakilan majalisar gari, ya matso, ana ta haɗa sunayen 'yan takara. Shekara ashirin yana yi wa partin nan hidima bayan aikinsa na koyar da tarihi a lakwal, makarantar boko. Shi ke rubuta wa manya jawabi, shi ke fassara musu takardun Faransanci, shi ke wuni a rumfar zaɓe da yunwa yana tsaron ƙuri'a. Duk zaɓe sai a dafa kafaɗarsa a ce, "Mushe, naka lokacin na tafe."

A zaure ya tarar da dattawa uku a kan tabarma, ga ƙunshin goro a gabansu cikin ganye mai laima. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gero da wake, aka yi addu'a.

"Mushe, roƙo ya kawo mu gidanka," in ji Alhaji Sambo.

Maikano ya sunkuyar da kai yadda ya daɗe yana shirin yi. "Alhaji, ni ɗanku ne. Duk nauyin da kuka ga ya dace ku ɗora wa gidan nan, ba ni da ta cewa."

"Madalla! Na faɗa muku ba zai hana mu ita ba."

"Ita?"

"Madam Habsatu mana. Ka san doka ta ce sai da mata a cikin 'yan takara. Mun duba gabas mun duba yamma, babu kamar mai ɗakinka. Rabin yaran garin nan a hannunta suka faɗo duniya. Ko ita ba mu tuntuɓa ba, don ba a shiga wa matar mutum sai ta ƙofar mijinta." Alhaji ya turo goron gabansa. "Gobe sunaye za su wuce Damagaram. In ka amince, ka raba goron. In ba ka amince ba, ka aiko mana da abinmu kafin la'asar, ba ɓacin rai."

Maikano ya raka su har mota da murmushi. Da ya dawo ya tura goron bayan ƙyaure da ƙafa, ya tuɓe rigar ya jefar a kan gado. Habsatu tun da sassafe ta tafi aikinta na ungozoma a likita, asibitin gari. Matar da ba ta taɓa zama taron parti ko sau ɗaya ba! Ranar zaɓe ma shi ke tuna mata inda ta ajiye katinta. Ya ƙudura a ransa zai mayar da goron, amma sai ya gama da rediyo tukuna, don lokaci ya kusa.

Kowace Asabar da hantsi yana da fili a rediyon gari, inda yake ba da tarihin wani shugaba na duniya, masu saurare su kira su yi tambaya. Sai da ya kafe motonsa mai taya biyu a ƙofar gidan rediyon sannan ya tuna wanda ke kan layi yau. Mace ce, likita, wadda ta shugabanci gwamnatin ƙasar Norway.

Ismail, mai kula da na'urori, tsaransa ne tun suna lakwal. Yana shan shayi ya ɗago kai. "A'a, manya! An ce an ga motar Alhaji Sambo a ƙofarka. Mu fara ɗinkin anko?"

"Bar wannan. Ismail, yau zan sauya. Zan yi wani shugaban daban."

"Ka sauya? Mako guda muna shela cewa ga mace mai mulkin ƙasar ƙanƙara na tafe. Matan Dantchiao har saƙo suka aiko kada a fara sai sun dawo daga rijiya. Shiga ka zauna, malam, kada su cinye ni ɗanye."

Ya zauna gaban mikro da niyyar ya karanta abin sama-sama, kamar mai karanta sanarwar ɓatan akuya. Ya faɗi sunanta mai wuyar furtawa, ya ce likita ce, uwar 'ya'ya huɗu. Ya ce an fara ba ta ministar muhalli tana da sauran ƙuruciya, maza da suka riga ta daɗewa a parti suna kallo. Nan ya dakata, ya kurɓi ruwa.

Sai dai malami malami ne. Maikano bai iya koyar da darasi da mugunta ba, ko ya so. Da ya kai inda ta hau shugabancin gwamnati ta sauka bayan 'yan watanni, muryarsa ta riga ta warware. Ya bayyana yadda ta koma adawa ba ta yi zuciya ba, ta dawo karo na biyu ta naɗa ministoci kusan rabinsu mata, ta sake dawowa karo na uku. Ya kwatanta musu sanyin ƙasar da ruwan randa a watan Janairu, ya ce wannan a wurinsu bazara ce. Ismail yana dariya a bayan gilashi. Sai can ƙarshe ya farga ya yi kyau fiye da yadda ya so, ya yi maza ya ƙara da cewa, "Amma fa jama'a, can Norway ce. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi."

Aka buɗe layi. Na farko Tamu ne, wani manomi daga Yekuwa da ba ya fashin kira.

"Mushe, mun gane karatun! Wallahi kai gwani ne. Ka je har ƙasar ƙanƙara ka ɗauko likita, alhali ga taka likitar a gida. Ka ce wa Madam ƙuri'armu tata ce, ko da ba a garinmu take takara ba."

"Malam Tamu, wannan shiri an tsara shi tun..."

"Ai mun sani, mun sani. Mai hankali ke shuka kafin ruwa."

Ashe direban Alhaji Sambo ya riga ya karya kumallo a tasha ya baza labarin, kuma abin da aka faɗa a tashar Magaria da safe, kafin azahar ya isa Dungass. Kira ya yi ta shigowa. Wannan ya yaba masa, wancan ya ce da maza duka kamarsa suke da an huta. Kowane yabo sai ya ji shi kamar ƙaya a tafin ƙafa. Shekarunsa a filin nan ba a taɓa kira da yawa haka ba, kuma babu wanda ya kira don shi.

Ta ƙarshe wata tsohuwa ce, Ƙande, daga Waca. Muryarta na rawa, ana jin kukan awaki a bayanta.

"Ɗana, ni tambaya gare ni. Ita wannan baiwar Allah, tana da miji?"

"Tana da shi, Inna."

"To shi me yake yi sa'ad da take mulki?"

Maikano ya san amsar, da gangan ya tsallake ta. Ya dubi Ismail, Ismail ya ɗaga kafaɗa.

"Shi ma ɗan siyasa ne, Inna, kuma mai ilimi. Ba ma partinsu ɗaya ba da farko. An ce shi ya riƙe gida da yara."

"Ikon Allah. Bai ji haushi ba?"

Maikano ya juya takardar da ke gabansa.

"Ban ga inda aka rubuta ba, Inna," in ji Maikano a hankali. "Amma mutum ne."

Da ya fito, bai nufi gida ba. Ya ga bai kamata ya mayar da goro ba tare da ta ji daga bakinsa ba, sai ya karkata moto zuwa likita. Matan da ke jiran awo a kan benci suna ganinsa ɗaya ta rangaɗa guɗa, sauran suka fashe da dariya, ga ƙaramar rediyo a cinyar wata. Habsatu ta fito tana tsane hannu da tawul, ta ja shi gindin bishiyar bedi, nesa da kunnuwa.

"Sannu da aiki, Malam. Mun saurara."

"Ba don ke na yi ba."

"Na sani. Ina jin muryarka na san ba ka so." Ta naɗe tawul ɗin ta sake warwarewa. "Kujerarka ce. Ni na ga daren da ka yi ta ɓatawa a kan takardunsu. In ka ce a'a, zan ce ni na ƙi, aiki ya yi mini yawa. Ba wanda zai ji komai a bakina."

Da ta yi gardama da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya yana kallon wata amalanke da aka kwance wa bijimi a bakin ƙofa, da tabarma da zane a kanta.

"Ke fa, kina so?"

Ta bi inda idonsa yake. "Waccan daga wani ƙauye bayan Yekuwa aka kawo ta, tun asuba suke hanya. Ta rayu, ɗan bai rayu ba. Duk shekara ana zama a meri, ofishin magajin gari, a raba kuɗin gari, ba a taɓa samun wanda ya wanke jinin amalanke da hannunsa a wurin ba. Ina so, Malam. Ba zan ɓoye maka ba."

Ya rubuta jawabai sun fi a ƙirga, da karin magana da ƙididdiga, bai taɓa rubuta wanda ya kai wannan ba. Ita kuwa ko shiri ba ta yi ba. Abin ya yi masa zafi har cikin ƙashi, kuma ya san zafin ba mai wucewa ba ne gobe ko jibi.

"To, ka amince?" ta tambaya.

"Daga nan har Dungass kowa ya ji na amince. Ni kaɗai ne ban ji ba." Ya yi ajiyar zuciya, ya laluba makullin moto a aljihu. "In kin tashi magana a taro, kada ki fara da ban haƙuri, kin cika yin haka. Ki faɗa musu yadda kika faɗa mini yanzu. Koma aikinki, ana jiran ki. Ni zan je wurin Alhaji."

Ta buɗe baki za ta yi godiya, ya ɗaga hannu ya hana ta, don bai shirya jin ta ba tukuna.

Hanyar gidan Alhaji Sambo ta bakin kasuwa ta bi. Yana rage gudu saboda yashi, wani mai facin taya, tsohon ɗalibinsa wanda tun yana yaro bai taɓa kiransa da komai ba sai Mushe, ya miƙe tsaye ya ɗaga murya.

"Mijin konseye! Allah ya ja zamani!"

Maikano ya kafe idonsa a kan hanya kamar bai ji ba. Ya wuce rumfar, ya wuce mai tsire, ya kusa shan kwana. Sannan, ba tare da ya waiwaya ba, ya saki hannu ɗaya daga kan moto ya ɗaga sama.