Gyara Sau Biyar

Shekara ashirin da shida ke nan yana koyar da darasin tsarin mulki da littafin rubutu guda, wanda bangonsa ya sha salatif har ya fi cikinsa kauri. Yara suna kiransa Kwamared a bayan idonsa. Ya sani, kuma ko a jikinsa, don a ɓoye ma daɗin sunan yake ji.

Asalin sunan wani tabo ne. Yana saurayi aka tura shi kwas na wata uku a wata ƙasa mai sanyi, ciwon ciki ya kayar da shi, aka yi masa tiyata, ya kwana tara a asibiti, aka sallame shi ba a karɓi ko sisi ba. Tun daga nan, duk ajin da ya kai babin gurguzu sai ya sha labarin. Malam zai dafa gefen cikinsa ya ce, "Ku rubuta: gurguzu shi ne tsarin da gwamnati ke ba talaka magani da ilimi da fansho kyauta. Ni ganau ne." Yara suka rubuta, wasunsu har sun haifi waɗanda suka sake rubutawa.

Ranar Laraba da hantsi wata mata ta yi sallama a ɗakin malamai. Ƙamshin sabulu ne ya riga ta shiga, sannan ita, cikin shuɗiyar rigar aiki.

Malamin lissafi, da teburinsa ke bakin ƙofa, ya ɗaga hanci ya ce, "Kwamared, yau ma'aikata sun zo maka da ƙafarsu. Tashi ka yi musu jawabi."

Matar ba ta yi dariya ba. Ta gaishe su, ta ajiye takardar jarrabawa a gaban Kwamared. Ta 'yarta ce, yarinyar nan ta layin baya da 'yan aji ke kira 'Yar Sabulu saboda kamfanin da uwar ke aiki. Maki sittin da huɗu ta samu. Sai mai saba'in ake tura sunansa jarrabawar tallafin karatu, kuma ranar Juma'a sunayen za su tafi. A tambaya ta huɗu, mai maki takwas, Malam ya zuba mata sifili, ya rubuta da jan biro: "Ina kika samo wannan?"

"Na zo in ba da amsa ne, Malam," in ji matar. "A wurina ta samo."

Ya gyara tabarau ya sake karanta abin da yarinyar ta rubuta: "Maganin kyauta ba shi ne gurguzu ba. Abin tambaya shi ne, wa ya mallaki kamfani da banki da manyan gonaki? In na masu jari ne, gwamnati na karɓar haraji tana yi wa jama'a hidima, to jari-hujja ne da ke kula da mutanensa. In na gwamnati ne ko na ma'aikata baki ɗaya, shi ne gurguzu."

"Malama," ya ce, da muryar da yake lallashin iyaye, "wannan fanni ne da ake karanta shi. Ni na zauna a ƙasar da ake yinsa."

"Ta faɗa mini. Har tabon ta faɗa mini, Allah ya ƙara lafiya." Ta jawo kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. "Ni ban je ko'ina ba. Amma shekara tara na yi a masaƙar gwamnati kafin ta mutu. Can ba mu da mai kamfani, kullum ana ce mana tamu ce, amma ka je ɗakin maganinta da ciwon kai, sai dai a ce maka sannu. Yanzu ina kamfanin sabulu. Doka ta ba mu katin asibiti, ta ba mu hutun haihuwa, ana tara mana fansho. Bara mai kamfanin ya sayar da injin guda, mata arba'in suka zo da safe suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ba wanda ya tambaye mu, don ba namu ba ne. To, Malam, a cikin biyun nan wanne ne gurguzun?"

"Ai wato, ya danganta da…"

"Ban ce wani ya fi wani ba fa, duka na ɗanɗana. Cewa na yi ba abu ɗaya ba ne. Wa ke da injin, wannan daban. Wa ke biya maka allura, wannan ma daban. Asibitin da aka yi maka aikin, mutanen ƙasar ba su da masu kamfani?"

Malamin lissafi ya daina kaɗa cokali a kofi.

Kwamared ya buɗe baki, sai ga wani mutum ya faɗo masa a rai, mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana tsallake shi a labarin. Dattijon gadon kusa da nasa ne, mai jan fuska, wanda aka yi wa aikin gwiwa. Jiragen ruwa goma sha ɗaya gare shi, nasa na kansa, kuma kwana taran nan bai fasa mita ba cewa haraji na cinye masa rabin abin da yake samu. Ran da za a sallami Kwamared har dattijon ya nuna wurin ɗinkin yana dariya ya ce, "Zaren nan da aka ɗinke ka, da kuɗina aka saye shi." Ba mantawa Kwamared ya yi ba. Labarin ne ya fi daɗi in babu dattijon, shi ya sa tun shekarar farko ya cire shi.

Ya ce wa matar za a duba. Matar ta dubi agogon bango ta miƙe, don awa ɗaya aka ba ta a wurin aiki.

Shugabar makaranta, tsohuwar hannu ce da ba ta son tashin ƙura, ta saurare shi har ƙarshe tana juya biro.

"Yarinyar ta yi daidai?"

"Ta yi, ranki ya daɗe."

"Sauran talatin da tara fa?"

"Abin da na ba su suka dawo mini da shi."

Ta tura masa fom. "Rubuta kuskuren haɗa maki, ka ba ta takwas ɗinta. Saura shekara biyu ka yi ritaya, Malam. Ba sai kowa ya ji ba."

Da zai iya cewa ya yi gardama, da ya faɗa wa kowa. Bai yi ba. Ya rubuta, ya sa hannu, sunan yarinyar ya shiga, ya fito yana jin sakayau kamar wanda aka sauke wa kaya.

Washegari ya shiga ajin, ya ce a kawo littattafan gyara kamar yadda aka saba bayan kowace jarrabawa. Dokarsa ce tun fil azal: duk tambayar da ka faɗi, ka rubuta amsar Malam sau biyar. Yana zaune yana bi ɗaya bayan ɗaya da jan biro, har ya zo kan nata.

Rubutunta ƙanana, a tsaye, ba gogewa ko ɗaya. "Gurguzu shi ne tsarin da gwamnati ke ba talaka magani da ilimi da fansho kyauta." Sau biyar, kowanne da lambarsa. A ƙasa ta ƙara: "Ka yi haƙuri, Malam. Ba ni na ce ta zo ba."

Ya daɗe da biron a sama. In ya sa mata alamar daidai, da wannan amsar za ta shiga jarrabawar tallafin, wadda ba shi zai duba ba. Ya ɗaga kai. Tana can layin baya, ta sunkuyar da kai, kamar ita ce mai laifin.

Ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Hannunsa ya tafi gefen cikinsa don sabo, ya janye shi.

"Ku buɗe babin gurguzu," ya ce. "Layin farko. Ku ja layi a kai."

"Malam, a ƙarƙashi?" wata ta tambaya daga gaba. "Zai fito a jarrabawa?"

"A kai na ce. Ku soke shi."

Ba wanda ya motsa. Duk suka zuba masa ido, ban da mutum ɗaya. Ya ɗauki tsohon littafinsa mai salatif, ya ɗaga shi yadda kowa zai gani, ya soke nasa da jan biro. Layin ya fito a karkace.

"A asibitin nan da nake ba ku labari," ya ce. "A asibitin nan, akwai wani dattijo a gadon kusa da nawa."