Lemon Ikko na Malam Bamanga

Malam Bamanga yana durƙushe a tsakar gida da mazurari a hannu, yana ɗura ruwa a kwalbar lemo, sai ya kama kansa yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Gidansa ne, randarsa ce, kwalaben ma nasa ne. Duk da haka sai da ya tura ƙyauren zaure kafin ya fara.

"Riƙe sosai, Delu, yana zuba."

"Malam, da a moɗa ka sha da tuni ka huta," in ji matarsa. "Wace irin wahala ce wannan?"

"Wahalar mai dogon baki," ya ce, ya ɗora marfi a bakin kwalbar ya ƙwanƙwasa da dutse.

Gaskiya ya faɗa, bakinsa ne ya ja masa. Shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, Bamanga, akawu a ofishin gona, ya sayo firiji ya kafa a falo, ya cika shi da lemon kwalba. Randar da suka gada wajen mahaifiyarsa kuwa aka kai ta gefen turken akuya. Wata rana da yamma, a majalisar ƙofar gidansa a Kagarawal, wani ya nemi ruwa, sai Bamanga ya ce, "Ruwa ai na wanka ne da alwala." Aka yi dariya. Dariyar ta yi masa daɗi, ya maimaita washegari, ya sake maimaitawa, har maganar ta zama kirarinsa. Daga nan ya ga ba dama a gan shi da moɗa a baki, ya bi kirarin kamar farilla.

Sai ciwo ya zo ta kwiɓi, irin wanda ke sa babban mutum kiran uwarsa. Likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda, ƙarama, tana iya fita da kanta in ya sha ruwa, ya sha, ya ƙara sha. In ba ta fita ba, sai aiki. Gobe da safe ne zai koma asibiti a duba. Shi kuwa Bamanga mutum ne da ko ragon layya za a yanka sai ya tuna yana da saƙo a bayan gari.

Ya gwada ruwan, ruwan ya ƙi shiga. Na 'yan ga-ruwa ne, yana ƙarnin garwa, kuma harshen da ya saba da zaƙi ya yi tawaye. Maƙwabciyarsu Akuabata, wadda ake kira Maman Chidi, mai sayar da kayan marmari a tashar Bolari, ita ta jiyo yana kakarin amai ta katanga. Da safe ta shigo da tire a ka, ta sa Delu ta wanke randar nan da aka kora, ta yayyanka abarba da lemon zaƙi da lemon tsami a ciki, ta jefa 'yan ganyen na'ana'a.

"Ba sukari, Oga," ta ce. "Ka bar shi ya jiƙa. In wannan ma ya ƙi ka, to ka gaida likita."

"Maman Chidi, wannan ai kwaɗo ne, ba ruwa ba."

"Sha dai tukuna."

Da azahar ya ɗanɗana. Sanyin randa, ƙanshin abarba, ɗan tsami a ƙarshen harshe. Ya shanye moɗa guda bai sauke ba, ya ji kunyar yadda ya ji daɗi.

Matsalar ita ce majalisa. Bayan la'asar mutane za su taru a ƙofarsa. In ya ƙi fita, kafin magariba labari ya kai Nasarawo cewa Akawu yana kwance rai a hannun Allah. In ya fita bai sha komai ba, likita yana jiransa da wuƙa. In ya fita da moɗa kuwa, ya shiga uku da bakin mutane. Wannan lissafi ne ya kai shi ga kwalabe, kuma a lokacin gani yake babu mai dabara kamarsa a faɗin Gombe.

Ya fito da akwatin kwalaben ya ajiye gefen kujerarsa, ya rufe da buhu. Inuwa tela ya riga shi zama a tabarma. Iro, dillalin auduga, ya iso yana fifita da hula.

"Akawu, yau rana ta yi niyyar kisa," in ji Iro. Bai jira tayi ba, don a wannan majalisa ba a taɓa jira ba. Ya ɗaga buhun, ya zaro kwalba, ya kai haƙori. Marfin ya faɗo tun bai cije ba.

Iro ya dubi kwalbar. "Wannan bai yi kumfa ba. Kuma kalarsa kamar ta koɗe."

Nan ne wurin da mai hankali zai faɗi gaskiya. Bamanga ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Na Ikko ne. Sabon shigowa. Manya sun daina shan mai iska."

Iro ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sake kurɓa. "Allahu Akbar. Ai na san shi! Na taɓa sha a wani otal a Ikko, lokacin da na raka kaya."

"Miƙo in ji," in ji Inuwa.

Inuwa ya sha ya ce shi bai taɓa jin lemon da ba ya ƙara wa mutum ƙishi ba sai wannan. Iro ya hango mai gyaran rediyo na tsallaken titi, ya yafito shi. Mai rediyo ya zo da ƙaninsa. Ladanin unguwa ya biyo zai wuce, aka ce ai ba ya wuce ba bai ɗanɗana abin Ikko ba. Bamanga yana zaune yana murmushi, yana kallon maganinsa yana gangarawa maƙogwaron mutane masu lafiyar ƙoda. Ta yaya zai hana? Mutum ya zo ƙofarka a tsakiyar bazara, ya miƙa hannu ga abin sha, ka ce a'a? Har jikokinsa sai an yi musu gori. Kwalba ɗaya ya samu, ita ma Iro ya karɓe rabi ya ce a kai wa uwargidansa ta shaida.

Ana cikin haka ciwon ya motsa. Ya fara daga baya, ya zagayo mara, gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Ya ce zai shiga ya ƙaro, ya miƙe yana dafa bango.

Delu ta gan shi ta ajiye tankaɗe. "Malam! Lafiya?"

"Ɗura mini wasu."

"A me? Kwalaben duk suna waje. Ruwan ma saura rabin randa, kuma Maman Chidi tana tasha, ba abarba sai gobe." Ta dube shi da kyau. "Nawa ka sha?"

Ya zauna a bakin turmi ya dafe kwiɓi. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron gadon nan mai farin zane da fitila a sama. Sai kuma dariya ta kufce masa, ƙarama, mai ciwo.

"Delu, kin taɓa jin wanda aka farke wa ciki saboda wasan da ya yi don a yi dariya? Ga shi kin aura. Na sha lemo don kada a ce ba ni da shi, yau kuma na yi kyautar ruwa don kada a ce ina sha. Jaki ma in ya ji ƙishi kogi yake nufa, ba ya tambayar wa ke kallo."

"To yanzu ka shiga ɗaki ka sha, in ce musu ka kwanta."

Ya kalli randar. Akwai tsohon tabo a wuyanta inda mahaifiyarsa ta taɓa liƙewa. Ya miƙe.

"Kama mini."

Ta kama masa har zaure, daga nan ya rungumi randar shi kaɗai, ya fita yana nishi, ya dire ta a tsakiyar majalisa. Ruwan ya yi tangal-tangal, yankan abarba da ɓawon lemo suna yawo a kai.

"Jama'a, ga kamfanin," in ji Bamanga. "Manajarsa tana tashar Bolari tana sayar da lemo. Ruwan ɗan ga-ruwa ne. Tsakuwa gare ni a ƙoda, in ba ta fita ba gobe za a yanka ni."

Iro ya leƙa randar, ya dubi kwalbar hannunsa. "Ni dama tun ɗazu nake jin ɗan warin laka."

"A otal ɗin Ikko ma haka ya yi maka?" in ji Inuwa.

Majalisa ta fashe. Ladan yana share hawaye, mai rediyo yana dukan cinya. Bamanga ya ga rabin dariyar tasa ce rabi ta Iro, ya ce a ransa ko banza an rage masa kaya. Ya tsoma moɗa ya kafa kai, a gaban kowa, ruwa yana bin gemunsa.

Mai rediyo ya matso yana miƙa hannu. "Akawu, a ɗan sam mini."

Bamanga ya dubi hannun. Tunda ya kafa gida bai taɓa mayar da irinsa ba. Ya janye moɗar ya rungume a ƙirji.

"Akwai lemo a firiji, na gaske, mai iska. Ku shiga ku shanye duka, har kwalaben na ba ku. Wannan dai nawa ne."

Ba wanda ya tashi. Inuwa ya matso daga tabarma, ya zare moɗar daga hannunsa a hankali. Bamanga ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga telan ya tsoma ta ya ciko fal, ya ture yankan abarba da yatsa, ya miƙo masa da hannu biyu.

"Sha, Akawu," ya ce. "Da sauran rana kafin magariba. Muna nan."