Tikitin da Na Ce Ba Na So

Sunana Harun, likita ne ni a Withington da ke Manchester, kuma da bakina na ƙi abin da na shekara arba'in ina marmari.

Akwai wani mawaƙin soul, baƙar fatar Amurka, wanda a gidanmu muke kira Tsoho. Tun ina ɗalibi a Kano na sayi faifansa a Sabon Gari. Ranar da zan taho ƙasar nan sai da na cire takalma daga akwati don faifan ya samu wuri. Matata Ruƙayyatu takan ce in gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, shi zan fara ɗauka kafin in tuna da ita. Ban taɓa ganin mutumin nan ido da ido ba.

A watan Yuni 'yarmu Widad, wadda ke jami'a a Birmingham, ta kira ni daga unguwarsu ta Selly Oak.

"Baba, Tsohonka zai zo nan! Jazz festival ne a bakin lake, kwana uku zai yi, Friday zuwa Sunday. Na samo mana tickets biyu na Sunday. Za ka zo?"

Daɗi ya kama ni har kunne. Amma a inda na tashi ba a cafke kyauta tun ba ta sauka ba, balle daga hannun ɗan da ka haifa. Sai ka ƙi, a sake yi maka tayi, ka ƙi, a haɗa ka da Allah, sannan ka karɓa. Kara ke nan.

Na ce, "A'a, Widad, kada ki wahalar da kanki. Ni da furfurata me zan yi a wurin kiɗa? Ki je da ƙawarki Grace."

Ta ce, "Okay, Baba."

Okay! Ko "haba Baba" guda ɗaya babu. Na bi wayar da kallo, raina a ɓace.

Duk da haka na shiga shiri, don na tabbata za ta sake kira. Na goge farar rigata, na haddace lokutan jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Ruƙayyatu tana kallona tana girgiza kai.

"Baban Widad, ka ɗauki waya ka ce kana so mana. Yarinyar nan a Manchester aka haife ta, a'a a wurinta a'a ce. Girman kai rawanin tsiya."

Na ce uba ba ya roƙon 'yarsa. Juma'a ta wuce, Asabar ta bi ta. Ranar Lahadi na zauna a falo sanye da rigar, waya a cinya, har jirgin da zai kai ni a kan lokaci ya tashi.

Washegari ina karyawa na gani a labarai: Tsoho ya faɗa a bakin tafkin nan cewa ya gama, ba zai sake hawa dandali ba. Na ture shayin na kira Widad, ina ta ƙoƙarin sake murya.

"Yaya, Grace ta ji daɗin wasan?"

"Ban je da Grace ba, Baba. Ni kaɗai na je. Na tsaya a gate har ya fara waƙa ta uku, in case ka canja shawara."

"To me ya hana ki sake tambayata?"

"Ku kuka koya mini. Kun ce in babba ya ce a'a, ba a yi masa musu." Ta ƙara da cewa, "Ni ba ma son music ɗin nake yi ba. Fuskarka nake so in gani in ya fito."

Gaskiya ta faɗa, ni na koya mata, har da tsawa.

Ranar Alhamis tikitin ya iso daga Widad a ambulan, sabo fil, ba a ko lanƙwasa shi ba. Na zura shi cikin kwalin faifan. Wata uku ke nan, ban iya sa faifan ba.