Karsanar Dala Dubu Saba'in

Wani irin ƙara ne ya tashi Anselmo Borba daga barci, kamar ana murza leda a cikin ruwa. Ya kasa kunne. Abin ya yi ƙurus-ƙurus, ya ɗauke, ya sake dawowa. Shekara arba'in yana tatsar shanun mutane a garin Tulare, ya san kukan saniya mai naƙuda da na mai kumburin ciki, ya ma taɓa jin mujiya tana tari a kan rumbun ciyawa, amma wannan bai san shi ba. Ya ɗauki sandar tsintsiya ya nufi kicin.

'Yarsa Delfina ya tarar a zaune, ko kayan aikinta na gidan kula da tsofaffi ba ta cire ba. Daga wayarta ƙaran yake fitowa.

"Mene ne wannan kuma?"

"Huhun mutum ne, Baba, mai ruwa a ciki. Ana koyon gane shi da kunne."

"Mutum yana can yana shaƙewa, aka tsaya ana naɗar muryarsa?"

"Don Allah je ka kwanta. Kuma ka tuna gobe Juma'a. Ƙarfe biyar banki ke rufe karɓar sa hannun bashin."

Ai bai manta ba. Shekara uku ke nan Delfina tana neman shiga karatun nas na shekara biyu a kwalejin gwamnati ta gundumarsu. Duk jarrabawar share fage ta ci, amma masu nema sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba, don haka ƙuri'a ake jefawa. Shi Anselmo a ransa wani mutum mai hula yake gani yana zura hannu cikin tulun madara yana zaro sunaye, ko da yake an sha faɗa masa kwamfuta ce ke yi. Sau uku ana zarowa babu sunanta. Sai ga wata makarantar kuɗi a bayan kantin katifu, wadda ta ce ta zo ta fara wata mai kamawa. Karatu iri ɗaya, jarrabawar lasisi ɗaya, amma na gwamnati dala dubu takwas, nasu dubu saba'in. Bashin da gwamnati ke ba ɗalibai ko rabi bai kai ba. Sauran sai banki, shi kuwa banki ya ce sai wani ya tsaya mata, wanda za a kama idan ta kasa biya. Mijinta ya daɗe da kama gabansa. Saura tsohon, da ɗan gidan nan da ya gama biya da guminsa.

Da safe suka ɗora daga inda suka tsaya. Tana shafa wa burodi man shanu a tsaye, shi yana juya kofinsa.

"Karsana ma," in ji shi, "shekara biyu take ci kafin ta ba ka ɗigon nono. Amma ban taɓa ganin wanda ya sayi karsana dubu saba'in ba alhali ga irinta ta dubu takwas."

"Ta dubu takwas ɗin ba a sayar mini ba! Kuma ni ba saniya ba ce."

"Misali nake yi."

"Dala goma sha tara nake samu a awa, Baba. Ina ɗaga ƙattin tsofaffi, ina wanke su, bayana kamar an sa guduma. Nas tana shigowa ta miƙa ƙwaya biyu, ta ɗauki hamsin da ɗoriya. Shekarata talatin da shida. Sai na yi furfura ina jiran mai hularka?"

"Wa ya gaya miki hamsin?"

"A takardar makarantar yake."

"Mai sayar da saniya ma ai cewa yake tana cika bokiti."

Ta dangwarar da wuƙar, ta ɗauki makullin mota ta fita, ƙofar raga tana bugawa a bayanta.

Ranar kuwa yana da awon hawan jini a ƙaramin asibitin unguwa. A ɗakin jira akwai akwatin gilashi da wani jan kifi mai ido ɗaya, wanda kullum gefe guda yake zagayawa. Anselmo yana son kifin nan. Yana cikin tunanin ko shi kifin ya san akwai ɗaya ɓangaren, sai aka kira sunansa.

Nas ɗin da ta saba duba shi ce, Navjot, doguwa mai kitso ɗaya har baya. Tana ɗaura masa abin awo a dantse ya ce, "'Yar nan, nawa ake biyanki?"

"Kai, Kaka! Haka ake tambayar mutane?"

"Tsufa ne, a yi haƙuri. Nawa?"

Ta yi dariya ta faɗa masa. Takardar makarantar ba ta yi ƙarya ba, har ma ta rage. Ya ɗan ji haushin hakan.

"A ina kika yi karatu?"

"Makarantar kuɗi. Ƙuri'a ta ƙi ni sau biyu, na gaji."

"Ana binki bashi?"

"Ana bina kuwa. Abin da banki ke cira duk wata ya kusa kuɗin hayar gida. Shi ya sa har yau a garejin mahaifiyata nake kwana, Asabar da Lahadi kuma ina wani asibitin." Ta nuna wani saurayi da ke wucewa da tire. "Ka ga Darnell can? Shi ƙuri'a ta faɗa masa tun karon farko. Albashinmu ɗaya, rigarmu ɗaya. Shi har kwalekwalen kamun kifi ya saya."

"Da za a dawo baya, za ki sake?"

"Ranar da albashi ya shigo, e. Ranar da banki ya ɗebi nasa, a'a."

"Wannan ai ba amsa ba ce."

"Ita gare ni. Daina motsi." Ta duba allon. "Kuma ka sani, ba duk wanda ya shiga ke fita ba. A ajinmu kusan kashi ɗaya cikin uku sun faɗi a hanya. Ba lasisi, amma bashi yana nan daram."

Tari ya sarƙe shi, ya daɗe bai sake shi ba. Navjot ta tsaya tana kallonsa.

"Hoton ƙirjin da likita ya rubuta maka tun kaka, ka je?"

"Ƙurar shanu ce."

"Shanun da ka bari shekara shida?"

Ya fito yana ƙunƙuni. Ya zo neman e ko a'a, an haɗa masa duka biyun, an ƙara masa da faɗa.

Da yamma ya tarar Delfina ta riga shi dawowa. Tana zaune a kan matakalar baranda, ba ta ko ɗago ba. A wuyanta akwai abin sauraren ƙirji, na hannu, wanda ta saya tun shekarar ƙuri'ar farko. A can gefen shinge maƙwabciyarsu Hortensia tana ba tumatirinta ruwa da tiyo, kunnenta kuwa yana wannan gidan kamar kullum.

Ya zauna a kujerarsa yana haki. "To, ba a sayen dabba sai an gwada ta. Zo ki nuna mini abin da kika iya."

"Baba, ba na son wasa yau."

"Wa yake wasa? Zo."

Ta taso da tsaki, ta ɗaga masa riga ta baya, ta manna ƙarfen mai sanyi. "Ja numfashi. Saki. Kuma." Ta matsa ƙasa ta hagu, ta koma dama, ta sake dawowa hagun. A nan ta daɗe. Hannun da ta dafa kafaɗarsa da shi ya yi nauyi.

"Irin na daren jiya ne?" ya tambaya.

"Yi shiru, ina ji."

"Mai leda a cikin ruwa?"

Ta cire abin daga kunnenta, ta sauke masa rigar a hankali. "Ni ba likita ba ce. Litinin zan kai ka hoto, ko kana so ko ba ka so."

Ya gyaɗa kai. Wani abu mai kama da alfahari ya taso masa, abin ma ya ba shi haushi. Yarinyar da ƙuri'a ta ƙi sau uku, ga shi da kunne kawai ta kama abin da ya yi wata da watanni yana ɓoyewa.

"Kawo wayar. Ina ake sa hannun?"

"A'a, Baba. Bari mu ga hoton tukuna. Zan sake shiga ƙuri'a baɗi."

"Ikon Allah! Da safe kin kusa fasa mini ƙofa, yanzu kuma baɗi?"

"Idan na faɗi fa? Gidan nan za su bi."

"To kada ki faɗi. Ni na gama jiran mai hula. Biyar ta kusa, miƙo."

Suka yi ta ja, yana faɗa tana faɗa, har ya fizge wayar. Da yatsa ake sa hannun a kan gilashi. Yatsansa mai kaushi ya zana wani abu kamar tsutsar da ta faɗa cikin madara. Ya tsaya yana kallonsa, yana mamakin yadda ɗan zanen nan zai iya ɗaukar gida sukutum. Delfina ta karɓa, ta danna wurin aikawa.

"An sa hannu ke nan?" Hortensia ta ɗago murya daga bayan shinge. "Barka, 'yata! Shekara nawa za a yi ana biya?"

"Goma sha biyar," in ji Delfina.

"Goma sha biyar." Hortensia ta jinjina kai, tiyon yana ta kwarara a gindin tumatir har ruwan ya fara gangarowa ta ƙarƙashin shinge. "To kai Anselmo, shekararka nawa yanzu?"